Komowar Ɗan Ƙwallo Fili Bayan Ya Bugu a Ka

Editan waɗannan shafuka namu na Hausa ya daɗe yana bina bashin darasi guda, ni kuwa ina ta kakkauce masa. Yanzu da gasar ƙwallon ƙafa ta gidajen kwana ta ƙarato, na ga lokacin biya ya yi. Maganar da zan yi ta shafi kowa a kwalejin nan, amma ta fi shafarku, ku ɗalibai, domin ba da jimawa ba za a rarraba ku makarantu. Wanda duk hedimasta ya ga yana da sauran jini a jika, shi zai miƙa wa usur da ƙwallo, ya ce masa ga yara nan. Daga ran nan kai ne mai horarwa, kai ne alƙalin wasa, kai ne kuma likita, ko ka koya ko ba ka koya ba. Ku ma 'yan mata kada ku ce babu ruwanku, don yanzu mata na buga ƙwallo kamar maza, kansu kuwa ba na ƙarfe ba ne.

Bari in fara da laifin kaina, don kada wani ya ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba.

Ina sabon malami a wata makarantar sakandare aka ba ni riƙon wasanni. Wata rana muna karawa da makarantar da ke maƙwabtaka da mu, an yi ɗaya da ɗaya, saura kamar minti 20 a tashi. Aka bugo mana kwana, wani ɗan bayanmu ya tashi sama zai sa kai, ashe wani daga cikin abokan karawa shi ma ya taso, suka yi gware. Yaronmu ya faɗi, ya ɗan jima a ƙasa, sa'an nan ya miƙe yana tangaɗi. Na duba kansa, babu jini, babu kumburi. Na kwarara masa ruwa, na ɗaga yatsu biyu na ce, "Nawa ne nan?" Ya ce biyu. Na ce, "Za ka iya?" Ya ce, "Zan iya, Malam." Sai na dafa kafaɗarsa na tura shi ciki, 'yan kallo suna ta tafi. Muka ci wasa, na koma gida ina murna.

Da dare sai ga shugaban ɗakinsu yana buga mini ƙofa, wai yaro ya yi amai sau biyu, yana ta tambayarsu ko an buga wasan nan, in sun gaya masa sai ya sake tambaya. Muka kai shi asibiti cikin daren. Da likita ta gama duba shi, ta ji labari, sai ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya mayar da shi fili?" Na rasa bakin magana. Allah ya rufa mini asiri, jini bai taru masa a ka ba, amma sai da ya yi kusan mako uku in ya buɗe littafi kai ya ɗau ciwo. Tun daga ran nan na ɗora wa kaina neman sanin wannan al'amari, ga kuwa abin da na samo.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN KAI

Likitoci suna da sunan da suka ba wannan ciwo, mu kuwa a nan za mu kira shi girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tana zaune cikin ƙoƙon kai da ɗan ruwa kewaye da ita. Ku ɗauki misalin kindirmon da ya kwana ya kama cikin ƙwarya. In ka bangaji ƙwaryar ba lalle ta fashe ba, amma kindirmon ya motsu, ya daki gefe ya komo. Haka ƙwaƙwalwa ke yi in kai ya tsaya farat ɗaya, ko ya juya da ƙarfi. Saboda haka ba sai bugu ya sauka a ka ba. Wanda aka bangaje a ƙirji ko a kafaɗa har kansa ya fizgu, shi ma yana iya samunta.

In ta girgiza haka, ƙananan jijiyoyinta su kan miƙe fiye da kima, sinadaran da ke cikinsu da wajensu su hargitse. Kafin ta mayar da kome wurinsa tana bukatar abinci fiye da na kullum, ga shi kuwa a wannan lokaci jinin da ke kai mata abincin ya kan ragu. Ta zama kamar gidan da baƙi suka cika ran da rumbu ya yi ƙasa. Wannan hali ya kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, a cikinsu kuwa ƙaramin bugu na biyu ya kan yi ɓarnar da na farko bai yi ba. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa aka gina dukan abin da zan faɗa gaba.

Akwai kurakurai uku da mu kan yi. Na farko, mu kan zaci sai wanda ya suma ne ya ji ciwo, alhali kuwa mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba su suma ko kaɗan. Na biyu, mu kan nemi jini ko kumburi, in ba mu gani ba mu ce lafiya lau. Na uku, in an ɗauki hoton kai a asibiti aka ce ba a ga kome ba, sai mu ce an wanke yaro. Hoton nan karyewar ƙashi da taruwar jini ya ke nunawa, ita kuwa girgiza aikin ƙwaƙwalwa ta ke taɓawa, yawanci ba ta fita a hoto. Har ila yau alamun ba su zuwa duka nan take. Hukumar FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin faɗakarwar da suka fara tare a watan Satumba na 2024, sun ja kunne cewa alamu na iya ɗaukar har sa'a 72 kafin su bayyana.

BA A TAMBAYAR MAI CIWO KO ZAI IYA

Babban kuskurena ran nan shi ne tambayar da na yi wa yaron. Abin da zai auna lafiyarsa da shi, shi ne ya bugu. To, ina amfanin amsarsa?

Manyan 'yan wasa ma ba su tsira daga wannan ba. Ran 13 ga Yuli 2014, a wasan ƙarshe na cin kofin duniya tsakanin Jamus da Ajantina a Birazil, kan Christoph Kramer na Jamus ya daki kafaɗar wani ɗan Ajantina. Aka duba shi, aka bar shi ya ci gaba, ya yi kusan minti 15 yana wasa kafin ya zube a fitar da shi. Daga baya alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya ba da labari cewa Kramer ya zo ya tambaye shi ko wannan shi ne wasan ƙarshe. Ku duba fa, mutum yana tsakiyar wasan da ya fi kowane girma a rayuwarsa, bai san inda ya ke ba, ƙafafunsa kuwa suna ta gudu.

Ran 26 ga Mayu 2018 kuma, a wasan ƙarshe na zakarun Turai, golan Liverpool, Loris Karius, ya sha gwiwar hannu a ka. Bai suma ba, ba kuma wanda ya fitar da shi. Jim kaɗan ya jefa ƙwallo ta daki ƙafar abokin gaba ta shiga raga, can gaba wata ta suɓuce daga hannunsa, Real Madrid ta ci 3 da 1. Duniya ta yi ta zaginsa. Bayan kwana biyar likitoci a Boston ta Amurka suka gwada shi, suka ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a wasan, mai yiwuwa ne kuma abin ya taɓa ganinsa da aikinsa. Wanda ke barin mai ciwo a fili don gudun kada a cinye shi, sai ya lura ko ta wannan fuska ma hasara ya ke yi.

ABIN YI A BAKIN FILI

Alamu iri biyu ne, waɗanda za ka gani da waɗanda yaro zai faɗa. Za ka ga ya kwanta bai motsa ba, ko ya daɗe bai tashi ba, ko ya tashi yana tangaɗi, ko ya yi zuru da ido kamar bai gane mutane ba. Shi kuwa zai ce kansa na ciwo, ko yana jin jiri, ko zuciyarsa na tashi, ko haske da hayaniya sun dame shi, ko yana ji kamar hazo ya rufe masa tunani. Ƙidayar yatsu ba gwaji ba ce. Tambayoyin da masana suka tsara na tuna abin da ya faru kusa kusa ne: A wane fili mu ke yau? Kafin hutun rabin lokaci mu ke ko bayansa? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa kuka buga wasan da ya wuce? Kun ci ko an cinye ku? In ya kuskure ko da guda, magana ta ƙare. Amma fa ko ya amsa duka daidai, in ka ga alama ɗaya daga cikin waɗancan, ka fitar da shi. Ƙa'idar ita ce, in kana shakka a fitar da shi, ba ya kuma komawa ran nan, ko da bayan minti goma ya rantse ya warke sarai.

Masu dokar ƙwallo ma sun yarda da haka. Tun daga 1 ga Yuli 2024 dokokin wasa suka ba masu shirya gasa izinin ƙara canji guda na musamman saboda bugun kai, wanda ba a lissafa shi cikin canjin da aka saba, ɗaya ƙungiyar ita ma a ba ta ƙarin canji don kada ta ce an cuce ta. Wanda aka fitar ta wannan hanya ba ya komowa cikin wasan. Ina roƙon kwamitin wasanninmu ya sa wannan cikin ƙa'idodin gasar bana.

Akwai kuma alamun da ba su jiran gobe, sai asibiti nan take. Su ne suma, da ciwon wuya, da jijjiga irin ta farfaɗiya, da amai fiye da sau ɗaya, da ciwon kai mai tsanani ko mai ƙaruwa, da gani biyu biyu ko ɗaukewar gani, da sagewa ko rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, da ruɗewa mai ƙaruwa, da barcin da a ke tashinsa da ƙyar, da rigima ko faɗan da ba halinsa ba ne. In yana kwance yana kukan wuya, ko bai farfaɗo ba, kada a ja ƙafafunsa, kada a sunkuce shi kamar yadda abokai su kan yi. A riƙe kansa yadda ya ke har mai sani ya zo, don mai yiwuwa ne ƙashin wuya ya taɓu. In yana jijjiga kada a cusa masa cokali a baki. In kuma ya shiga sambatu, kada a tsaya gardamar ko iska ce ta taɓa shi. A yi masa addu'a a kan hanyar asibiti.

KWANA BIYUN FARKO

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan manyan alamu, ya kamata likita ko malamin asibiti ya ga yaro cikin yini guda, a kuma sanar da iyayensa ko malamin gidansu. Kada a bar shi shi kaɗai a sa'o'in farko, a sa wani ya riƙa leƙa shi a daren farko. Barci magani ne a gare shi, ba a hana shi. Kada ya tuƙa babur ko mota ko keke, kada ya sha wani abin sa maye, kada a ba shi maganin barci. In kai ya matsa masa farasitamol ya isa. A guji asfirin da danginsa a farkon nan, don su kan hana jini daskarewa. Kada kuma a ce ai zazzaɓin cizon sauro ne, a sayo magani a kemis a rufe magana.

Da can likitoci su kan ce a kulle mai wannan ciwo cikin ɗaki mai duhu har alamu su ɓace ƙaf. Yanzu an bar wannan. Masana daga ƙasashe da yawa su kan taru lokaci lokaci su duba abin da bincike ya nuna. Sun fara a birnin Vienna a 2001, taro na shida kuwa an yi shi a Amsterdam a watan Oktoba na 2022. Abin da suka tsayar a can shi ne hutun sa'a 24 zuwa 48, shi ma ba irin hutun da za a ce mutum ya kwanta kamar gungume ba. Yaro ya yi wanka, ya ci abinci, ya yi ibadarsa, ya ɗan taka a hankali, ya yi 'yar hira. Abin da za a rage ƙwarai cikin kwana biyun nan shi ne kallon waya da talabijin. Na san ga 'yan zamanin nan gara a hana su abinci da a karɓe waya, amma haka za a daure.

AJI KAFIN FILI

Mu malamai ne, saboda haka kada mu manta karatu ma aiki ne ga ƙwaƙwalwa. Yaro ya fara da ɗan karatun minti 5 zuwa 15 a ɗaki, a riƙa ƙarawa. Sa'an nan ya taɓa aikin gida, sa'an nan rabin yini a aji da hutu tsakani, sa'an nan cikakken yini. A ɗaga masa jarrabawa, a rage masa aiki, a zaunar da shi nesa da hayaniya. Da yawa ba su bukatar wannan duka, cikin 'yan kwanaki sun koma daidai. In ka ga yana mantuwa ko yana gyangyaɗi a aji, kada ka ɗauko bulala ka ce ya zama malalaci. Wanda kuwa bai iya zaman aji yini guda kai bai yi ciwo ba, bai isa shiga gogayya a fili ba tukuna.

MATAKAI SHIDA

Ga matakan da taron Amsterdam ya tsara, na sa su bisa ga kayan da mu ke da su a makarantunmu.

Mataki na 1. Harkokin yau da kullum waɗanda ba su tayar da ciwo, kamar tafiya a hankali. Wannan shi ne na kwana biyun farko.

Mataki na 2. Motsa jiki mai sauƙi, kamar tafiya da sauri, ko taka keken motsa jiki na girke in akwai shi. Da fari kada bugun zuciya ya wuce kashi 55 cikin 100 na iyakarsa, daga baya a kai shi kashi 70. Lissafin ba wuya. Cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin iyakar bugun zuciyarsa a minti guda. Ɗan shekara 20 iyakarsa 200, watau ya fara da 110, ya hau zuwa 140. Ba sai da na'ura ba. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ka ƙirga bugun daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. An gano wannan ɗan motsi da kansa yana taimakon warkewa.

Mataki na 3. Atisaye shi kaɗai, can gefe nesa da 'yan wasa. Ya yi gudu, ya yi juyi, ya ja ƙwallo tsakanin duwatsu ko kwalabe. Babu sa kai.

Mataki na 4. Atisaye tare da ƙungiya ba tare da gogayya ba, kamar ba-ni-in-ba-ka, da gudu mai ƙarfi, da dabarun wasa. Babu taɗiya, babu sa kai, babu tsalle tare da wani. A nan a ke gane ko yana iya haɗa tunani da gudu lokaci guda.

Mataki na 5. Cikakken atisaye kamar kowa. A nan tsoro ke fita daga zuciyarsa, mai horarwa kuma ya ga ko ƙwarewarsa ta komo.

Mataki na 6. Shiga gasa.

Matakan suna da ƙa'idodi huɗu. Ta farko, kowane mataki ya ɗauki aƙalla sa'a 24, ba a haɗa biyu a yini ɗaya. Ta biyu, a mataki na 1 zuwa na 3 ka ce yaro ya auna ciwonsa daga 0 zuwa 10 kafin ya fara, ya sake aunawa yana cikin yi. In ciwon ya ƙaru da maki ɗaya ko biyu, ya kuma lafa kafin sa'a guda, ba laifi. In ya wuce haka a tsaya, a sake gwadawa gobe. Ta uku, tsakanin mataki na 3 da na 4 akwai ƙofa, mabuɗinta kuwa a hannun likita ya ke. Ba a wuce ta sai alamu sun ɓace sarai, har bayan an yi gudu an yi gumi, karatu ya koma daidai, likita kuma ya ba da izini. Ni dai shawarata a karɓi izinin a rubuce. Ta huɗu, daga mataki na 4 zuwa sama, in wata alama ta komo kome ƙanƙantarta, a koma mataki na 3, a kuma sake ganin likita. Wanda ya wuce mako huɗu alamu ba su rabu da shi ba, lalle a nemar masa likitan da ya ƙware a wannan fanni.

KWANA NAWA KE NAN?

Wanda ya ƙirga zai ga ko kome ya tafi daidai sai an yi kimanin mako guda. Masanan Amsterdam da kansu sun ce mako guda shi ne mafi ƙaranci, abin da aka saba gani kuwa ya kan kai har wata guda. Manyan ƙungiyoyi masu likita kullum a gindinsu su ne su kan komo da wuri, su ma wani lokaci su kan yi gaggawar da a ke zarginsu a kai. A gasar kofin duniya ta 2018, Nordin Amrabat na Maroko ya bugu a wasansu da Iran ran 15 ga Yuni. Aka ga masu kula da shi suna fesa masa ruwa suna marin kumatunsa, kamar dai abin da na yi wa yarona. Ya kwana asibiti, ya ce bai tuna wasan ba. Duk da haka ran 20 ga wata aka sa shi wasa da Fotugal, kwana biyar tak. Ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta yi tir da wannan.

Mu da ba mu da likita a bakin fili, tsarin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda Birtaniya ta fitar a watan Afrilu na 2023 domin wasannin makarantu da na unguwa. Ya ce ba a shiga atisayen gogayya sai mutum ya yi kwana 14 babu alama in yana zaune lafiya, ba a kuma shiga gasa kafin kwana 21 daga ranar bugu. Ga misali. Yaro ya bugu ran Asabar 1 ga wata. In alamu sun ɓace da wuri, farkon ranar da zai buga gasa ita ce Asabar 22 ga wata. In kuwa ciwon kai bai sake shi ba sai 10 ga wata, to, ko atisayen gogayya ba zai shiga ba kafin 24 ga wata.

Wani zai ce wannan ya yi tsawo. To, ya ji abin da a ke gudu. Akwai yanayin da in bugu na biyu ya zo kafin na farko ya warke, ƙwaƙwalwa ta kan kumbura cikin ɗan lokaci. Ba ya faruwa da yawa, amma yara da matasa ya fi kamawa, in ya kama kuwa sau da yawa ajali ne, ko nakasa. A watan Mayu na 2013 wata ɗaliba 'yar shekara 17 a birnin Ottawa na Kanada, mai buga zari-ruga, ta bugu a ka fiye da sau ɗaya cikin mako guda. Ta gaya wa ƙawayenta, ba ta gaya wa manya ba, don kada a hana ta wasa. Ta sake buguwa, ta faɗi, ba ta tashi ba. Saboda ita lardin Ontario ya kafa doka a 2018 a kan yadda za a fitar da ɗan wasa da yadda za a mayar da shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

MASU MATSA MAKA

Sanin matakai ba shi ne mai wuya ba, tsayawa a kansu shi ne aiki. Yaron zai zo da hawaye ya ce ya warke. Kyaftin zai ce ba su da kamarsa. Wataƙila hedimasta ma ya kira ka ofis ya tuna maka makaranta ta daɗe ba ta ɗauki kofi ba. Maganin wannan shi ne a yi magana tun kafin a fara gasa. Tara 'yan wasa ka karanta musu ƙa'ida, ka gaya musu wanda ya faɗi ciwonsa ba zai rasa gurbinsa ba, wanda kuma ya ga abokinsa ya ruɗe ya zo ya faɗa, wannan ba tsegumi ba ne. Hedimasta ya sa hannu a takardar tun ran nan. Ka ajiye littafi, ka rubuta ranar bugu, da alamun da aka gani, da ranar da aka hau kowane mataki. Littafin nan zai tsaya maka ran da aka zo da gardama, zai kuma nuna wa likita wanda ya taɓa buguwa a baya, don irinsa ya fi bukatar a yi masa sannu.

Wani kuma zai kawo hular soso, ko abin rufe fuska irin na Victor Osimhen, ya ce ai yanzu ya sami kariya. Osimhen ƙasusuwan fuskarsa ne suka karye a watan Nuwamba na 2021, yana buga wa Napoli, abin rufe fuskar kuwa ƙashi ya ke tsarewa. Amrabat ma da hula ya shiga wasan Fotugal, kafin a yi nisa ya cire ta ya yar. Ku tuna da ƙwaryar nan. Ko ka naɗe ta da tsumma, in ka bangaje ta kindirmo zai motsu.

Wannan shi ne abin da na so in sanar da ku. Yaron da na ba ku labarinsa ya warke, ya gama makaranta lafiya, amma ba dabarata ce ta tsirar da shi ba. Kofi ana sake buga shi baɗi, ɗan mutane kuwa amana ne a hannunmu, za a kuma tambaye mu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu da yaranmu, ya sa a yi gasa lafiya a tashi lafiya, amin.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Kawo alamu biyar da za su sa a kai ɗan wasa asibiti nan take.

2. Yarinya 'yar shekara 14 tana mataki na 2. Lissafa bugun zuciyar da bai kamata ta wuce ba da fari, da kuma daga baya.

3. Ɗalibi ya bugu ran 5 ga wata, ciwon kai ya sake shi ran 12. Yaushe ne farkon ranar da zai iya shiga atisayen gogayya bisa tsarin Birtaniya?

4. Ana saura kwana biyu wasan ƙarshe, hedimasta ya ce ka sa yaron da ke mataki na 3. Rubuta amsar da za ka ba shi cikin ladabi.